Kwanso Bakwai na Lawang

Shekara talatin da huɗu bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Lawang a kasuwar Darra, can ƙarshen layi, inda kwata take bi ta gangara rafi. Ni sassaƙar ƙotar bindiga nake yi, sana'ar da na gada. Shi kuwa wankin kwanso yake yi. A garinmu in aka harba harsashi, kwanson tagullar da ya faɗo ƙasa ba a yar da shi. Tsincewa ake yi a kai wa Lawang ya wanke ya gyara, masu ɗuri su sake cika shi da albarushi. Duk kasuwar babu sana'ar da aka raina kamar tasa, kuma babu wadda in an yi mata ha'inci take saurin cire wa mutum ido.

Sunana Sangin. Na faɗa tun yanzu, ni ba mutumin kirki ba ne irin wanda ake ba da labari. Ina da baki, ina da saurin fushi, kuma na sha tsokanar Lawang a gaban mutane don a yi dariya. Amma ni ne na fi kowa saninsa, don haka ni zan faɗa.

Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, hannuwansa kore-kore har wuyan hannu saboda tsatsar tagulla. Ko ya wanke da sabulu warin tsami ba ya barinsa. In ka ba shi hannu sai ka ji kana son goge naka a jikin riga, kuma ya san haka, shi ya sa ya koyi gaisuwa da hannu a ƙirji. Daga duwatsun Tirah ya sauko yana matashi, da bargo ɗaya a kafaɗa, ba wanda ya san abin da ya koro shi, shi ma bai taɓa faɗa ba. A wurinmu mutumin da ba shi da dangi ba a korarsa, ba a kuma jawo shi. In ya shigo hujra, zauren da maza suke hira, gefen takalma yake zama, shayi kuma sai ya zagaya kowa kafin ya iso gare shi, ya huce.

Aikinsa a idona aka yi shi shekara da shekaru, har ina iya yinsa a mafarki. Da safe zai jiƙa tsamiya a wani tsohon kasko, ya zuba kwansuna su sha ruwan tsamin har baƙin hayaƙin ya saki. Ya ɗauraye, ya shanya a kan tabarma a rufin shago. Daga nan ya leƙo wurina da buhu.

"Sangin, akwai dusa?"

"Kai dai Lala, ko jakin Mirbat mai ɗuri bai kai ka cin dusa ba. Ɗiba."

Lala muke ce wa wanda ya girme mu, ni kaɗai nake kiransa haka. Zai kwashi dusar katakon da ke ƙarƙashin bencina, ya zuba a buhu tare da kwansunan, ya ɗaure, ya zauna yana murza buhun da ƙafa gaba da baya yana gyangyaɗi. In ya kwance bakin buhun sai ka rantse yanzu aka ƙera su.

Duk wannan kowa zai iya. Abin da ya sa Lawang ya zama Lawang shi ne dutsensa. Wani baƙin dutse ne faffaɗa da ya ɗauko daga rafi, yana gaban tabarmarsa. Kowane kwanso sai ya sake shi a kan dutsen nan ya saurara. Mai lafiya yana yin wata siririyar ƙara mai ja, kamar ƙaramar ƙararrawa. Wanda ya tsage, ko da tsagar ba ta kai silin gashi ba, ko da ido bai gani ba, ƙararsa a mace take fita. Irin wannan in aka cika shi aka harba, yana iya fashewa a cikin bindiga ya watso wa mai harbin wuta a fuska. Wanda ya ci jarrabawar dutse, Lawang zai ɗauki ɗan magagarinsa ya yi masa ƙarto ɗaya a gefen gindi. Kwanso ya dawo hannunsa da ƙarto biyar, ko dutse ba ya kai shi. Guduma ce.

Ustaz Mirbat, babban mai ɗurin layinmu, wanda yawancin kayan Lawang wurinsa suke zuwa, ya sha zuwa yana kumfar baki.

"Kai Lawang, wannan fa sabo fil ne! Dubi yadda yake ƙyalli. Ka murƙushe mini rabin buhu!"

"Biyar ne a jikinsa, Ustaz."

"To sai me? Biyar ɗin aya ce aka saukar?"

"Ba aya ba ce. Idonka ne ko na wani."

"Ji mini ɗan dutsen nan! Uban wa ya naɗa ka alƙalin tagulla?"

Lawang sai ya ɗora kwanson a kan ƙarfe, ya sauke guduma, ya jefa shi kwandon masu narki. Mirbat ya tafi yana zage-zage, gobe kuma ya sake aiko da buhu, don ya san harsashin da ya bi ta hannun Lawang ba a taɓa dawo masa da shi da ƙorafi ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake ba da labarin nan. A cikin duk kwansunan da suka ratsa hannunsa, akwai bakwai da bai taɓa sayarwa ba.

Ya auri wata marainiya, Bakhtawara, daga wani ƙauye bayan Kohat. Sun daɗe ba haihuwa, sai a shekara ta tara ta haifi namiji. A wurinmu in aka haifi namiji, 'yan'uwan uban ne suke hawa rufin gidaje su yi ta harbi sama, kawunai da baffanni da 'ya'yansu, har gari ya san an ƙaru. Mutane su ƙirga harbin, su bi ƙarar su je barka. Lawang ba shi da ko mutum ɗaya da zai harba masa. Mutumin da yake wanke kwanson gari duka, ko bindiga ba shi da ita.

Lokacin ina sabon ango, ina aiki ƙarƙashin mahaifina, Haji Zarin. Lawang ya shigo bayan azahar ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Haji, an sauka lafiya. Namiji ne."

"Madalla, Allah ya raya."

Bai tafi ba. Mahaifina ya gane. Ya daɗe yana kallon katakon da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ba zan harba maka ba, Lawang, ka san ba jininmu ɗaya ba, 'yan'uwana za su ce na yi abin da ba a yi. Amma ga tsohuwar bindigar nan a rataye. Ɗauka, ka dawo da ita kafin magariba."

Ashe Lawang yana da harsashi bakwai sababbi, 'yan waje, waɗanda bai taɓa nuna wa kowa ba, ya ajiye su tun ranar da aka ɗaura aurensa. Ya hau rufin ɗakinsa shi kaɗai da la'asar. Ina tsaye a ƙofar shago na ji: ɗaya, biyu, uku, a natse, tazara iri ɗaya, har bakwai. A Darra harbi ba labari ba ne, duk wanda ya sayi bindiga fita yake bakin titi ya gwada. Amma bakwai a jere daga kan rufi, kowa ya san ma'anarsa. Masu shaguna suka ɗaga kai suna tambaya gidan wa. Aka ce gidan mai tsamiya. Aka yi dariya, amma aka je.

Ranar nan, da idona na gani, aka zaunar da Lawang a tsakiyar hujra, a kan gadon igiya mai matashi. Shi aka fara miƙa wa koren shayi. Dattawa suka kama koren hannun nan da hannu biyu. Ya zauna a takure kamar wanda aka kawo shari'a, yana murmushi, shayin yana zuba masa a gwiwa. Kashegari ya koma gefen takalma, amma ba shi ne mutumin jiya ba.

Ya tsince kwansunan bakwai, ya wanke, ya yi wa kowanne ƙarto ɗaya, ya zuba su a gwangwanin shayi mai murfi. Ya nuna mini.

"Ranar da ɗana Zmarak ya sami nasa ɗan, waɗannan zan ba Mirbat ya cika. Su suka sanar da uban, su za su sanar da ɗan."

"Lala, yaron ko cibiya ba ta faɗi ba, har ka yi masa aure ka yi jika?"

"Tagulla ba ta gaggawa," in ji shi, ya rufe gwangwanin.

Zmarak ya tashi yaro mai kyau, mai zuciya, kuma ya tsani warin tsamiya tun bai san sunanta ba. A makaranta ɗan tsami ake kiransa. Ya fasa wa yara baki ya fi a ƙirga, shi ma an fasa masa. Ko sau ɗaya ban ga ya zauna a shagon uban ba. In aka aiko shi da gurasar rana, daga bakin ƙofa yake miƙawa, fuska a juye. Yana da sha tara ya bi wata babbar mota zuwa Karachi a matsayin yaron mota. Lawang ya raka shi titi, ya ba shi bargon nan da ya sauko da shi daga dutse. Bayan motar ta tashi aka ga bargon a kan bencin mai shayi. Ni na ɗauka na ɓoye a shagona, har yau Lawang bai sani ba.

Shekara huɗu bayan haka Bakhtawara ta rasu, ciwon ƙirji. Zmarak ya iso bayan an binne ta, ya kwana uku ya koma. Aurensa ma a waya aka ji, wata 'yar can ya aura, ba a kawo ta an gani ba. Daga nan gidan Lawang ya zama shi da awaki biyu. Yakan sayi gurasa ɗaya da safe, ya ci rabi da shayi, ya naɗe rabin a ƙyalle don rana. Matata takan aika masa da miya ranar Juma'a, kwanon ya dawo a wanke tas, yana ƙyalli fiye da yadda ya tafi. Na sha ce masa ya zo mu ci tare. Sai ya ce awaki suna jiransa.

Matar Zmarak ta haifi mace, ta sake haifar mace. Mu ba ma harba wa mace, kada a tambaye ni dalili, haka muka tarar. Lawang ya yi murna, ya sayi alewa ya raba a layi, ya aika da 'yan kunne. Gwangwanin bai buɗe ba.

Sana'ar ma ta fara gudunsa. Wani ɗan'uwan Mirbat ya kawo ganga mai inji wadda take juya buhu goma kafin Lawang ya gama murza ɗaya. Aka cika kasuwa da harsashi mai kwanson baƙin ƙarfe, wanda in an harba sai bola. Waɗanda suka rage masa su ne tsofaffin maharba masu tsofaffin bindigogi, waɗanda suka san darajar ƙarton nan.

Sai kunne. Duk mutanen Darra rabin kurame ne, shi ya sa baƙi suke zaton faɗa muke yi in muna gaisawa. Ni na tsira da nawa don a ƙuryar shago nake aiki, kuma tun ina yaro nake cusa auduga. Lawang kuwa bai taɓa toshe nasa ba, yana cewa da me zai ji dutse. Na fara lura ne da na ga yana sakin kwanso ɗaya sau uku, yana kai kansa har kusa da ƙasa. Wata safiya ya shigo da dutsen a hammata da kwansuna a hula.

"Sangin, ruwa ya shige mini kunne wurin alwala. Ɗan saurara mini waɗannan."

"Wannan wace irin alwala ce, a rijiya ka yi ta?"

Na saurara. Ya koya mini bambancin a rana ɗaya, ba abu ne mai wuya ba in kana da kunnen. Kashegari ma ruwan bai fita ba. Shekara bakwai ruwan alwalar nan bai fita ba. Kullum da hantsi zai kawo dutse, ni in saki in ce mai rai ko matacce, shi ya yi ƙarto ko ya ɗaga guduma. Ba wanda ya sani a layin. In wani ya leƙo sai in ce dusa ya zo ɗiba.

Na tsallake abu ɗaya, kuma shi ne tushen komai. Kafin kunnen ya gama tafiya, an yi shekarar tashin hankali, wadda aka rufe kasuwa, aka ce kowa ya bar gari kafin azahar. Ana bincike a hanya, ba wanda zai yarda a kama shi da ko kwanso ɗaya a aljihu. Kowa ya binne abin da yake tsoro. Kuma kowa a garken dabbobi ya binne, don mun san masu bincike ba sa tona kashin awaki. Ni ma a can na binne bindigar mahaifina, a naɗe cikin leda da mai. Lawang ya tona ƙarƙashin turken awakinsa ya sa gwangwanin.

Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini cewa ba a ajiye tagulla kusa da dabba, fitsarinsu yana cin ta ta ciki, ta tsage ba a gani. Ya sani sarai. Amma an ce mana kwana goma ne, kuma gwangwanin yana da murfi. Wata takwas muka yi a Kohat, damina ta zo ta wuce.

Da muka dawo na tambaye shi. Ya ce gwangwanin ya ruɓe, amma ya wanke su da tsamiya, sun dawo fes. Ya nuna mini a tafin hannu, suna ƙyalli. Na so in ce ka kai su dutse? Na kalli fuskarsa na fasa. A duk shekarun da yake kawo mini kwansunan mutane, bai taɓa kawo waɗannan ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Mu biyun mun san abin da muke gudu.

Bara, da kaka, wayata ta yi ƙara da hantsi. Zmarak ne. Ni yake kira tun da uban ya daina jin waya.

"Kawu Sangin, ka gaya wa Baba an sauka jiya. Namiji."

"Allahu akbar! Tsaya in kira shi, ga shi nan bayan bango."

"A'a Kawu, ina kan hanya, lodi nake. Ka dai gaya masa. Kuma don Allah ka ce kada ya hau rufi ya yi wannan harbe-harben nasa, ya tsufa, kuma abin ƙauyanci ne. Zan turo hoto."

Ya kashe. Na tsaya da wayar a hannu, raina ya ɓaci. Da yaron nan yana gabana da na mare shi, ko da gemunsa.

Na shiga wurin Lawang na durƙusa na sa baki a kunnensa na dama, wanda ya ɗan fi.

"Lala! Ka yi jika! Namiji!"

Ya kalle ni. Na sake faɗa. Ya ajiye magagarin a hankali, ya share hannuwansa a riga, ya sake sharewa.

"Me ya ce kuma?"

"Ya ce yana gaishe ka! Ya ce a yi duk abin da ya kamata!"

Allah ya yafe mini wannan. Ya tashi ya tafi gida, bai ko rufe shago ba. Ba a jima ba ya dawo da sabuwar riga, wadda yake zuwa Idi da ita, da ƙulli a hannu, da dutsen a hammata. Ya ajiye dutsen a kan bencina. Ya kwance ƙullin ya jera su bakwai.

"Kafin in kai wa Mirbat," ya ce. "Saurara mini."

"Haba Lala, ƙarto ɗaya ne fa a jikinsu. Sababbi ne. Kai su kawai."

"Ba kwanson da ya taɓa fita hannuna bai hau dutse ba. Saki."

Na ɗauki na farko na saki. Ƙarar ta fito a mace, kamar an yar da ƙwallon dabino. Yana kallon bakina, don da baki yake ji yanzu.

"Mai rai ne," na ce.

Bai ɗauki magagari ba. Ya ci gaba da kallona. Shekara bakwai yana karanta fuskata kowace safiya, ya san yadda girata take yi in kwanso ya mutu, ni ban ma san tana yi ba.

"Sangin," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ni zan harba shi. Fuskata ce a bayan bindigar. Kuma ko ba tawa ba ce. Faɗa mini gaskiya."

"Matacce ne, Lala."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya ɗauki gudumata, ya ɗora kwanson a kan ƙarfen benci, ya sauke. Shekara talatin da biyu yana goge shi, bugu ɗaya ya zama faifai.

Na biyu matacce. Na uku matacce. Ina saki, ina girgiza kai, yana bugawa. A na huɗu na ce ya bari, ya ajiye su haka nan ko don tunawa, ba dole sai an murƙushe ba. Ya ce in ya mutu wani zai tsinta ya ga suna ƙyalli ya cika. Ya buga. Na biyar, na shida. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji a wannan hantsin ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina haka ba, don da na yi magana shekarun baya da ya sami lokacin da zai saba da rashin.

Na bakwai na riƙe shi na daɗe. Na saki. Ya yi ƙara siririya, mai tsawo, har ta gama ban numfasa ba. Na sake saki don in tabbata. Lawang ya kalli girata, ya ɗauke kwanson daga kan dutse ya rufe shi a tafin hannu.

"To, ɗaya," ya ce.

"Bari in karɓo shida wurin Mirbat a cika bakwai! Wa zai sani?"

"Waɗancan ba su san Zmarak ba."

Na yi masa magiya, na yi masa masifa, na ce taurin kansa ne ya kore masa ɗa. Wannan maganar na gode Allah da bai ji ta ba. Ya kai wa Mirbat kwanson, Mirbat ya cika masa da hannunsa bai yi tsokana ba. Ni kuma na sauko da tsohuwar bindigar mahaifina, wadda ya ara wancan karon, na goge ta na ba shi.

Da la'asar muka hau rufin ɗakinsa, ina tura shi ta baya a kan tsani. Awakin suna kallonmu daga ƙasa. Daga can ana ganin layin kasuwa gaba ɗaya, da ƙofar hujra, da masu shaguna a zaune a bakin ƙofofinsu. Ya gyara hularsa, ya yi bismilla, ya ɗaga bakin bindigar sama ya harba.

Tattabaru suka tashi daga rufin masallaci suka zagaya suka dawo. A layin kasuwa ba wanda ya ɗaga kai. Harbi ɗaya a Darra, wani ne yake gwada bindiga. Mai shayi ya ci gaba da fifita garwashinsa.

Lawang ya sauke bindigar, ya juyo yana kallon bakina.

"Ta tashi da kyau?"

"Ta tashi, Lala!"

"An ji?"

Na juya masa ƙeya kamar ina duba titi, don kada ya ga girata.

"An ji!"

Akwai harsashi shida a aljihuna, na karɓo su wurin Mirbat a ɓoye. Bindigar tana kusa da hannuna. Da na karɓa na harba su da gari ya ƙirga bakwai, da an zo. Ya hana ni, gaskiya ne, amma ba hanin nasa ne ya riƙe mini hannu ba. Na tuna 'yan'uwana a hujra, da abin da za su ce in aka ji Sangin ɗan Haji Zarin ya hau rufi ya harba wa jikan mai tsamiya. Ina da shekara kusan sittin, na tsaya a inda mahaifina ya tsaya, kuma shi aƙalla ya faɗa wa mutumin a fuska.

Lawang ya sunkuya ya tsinci kwanson tun da zafinsa. Ya zaro ɗan magagarin daga aljihun sabuwar rigar, ya yi masa ƙarto na biyu kusa da na farko, ya hure, ya ƙulle shi a bakin ƙyalle.

"Saura uku a jikinsa," ya ce. "Zai kai auren yaron."

Muka sauko. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya share gadon igiyar da ba wanda ya zauna a kai tun rasuwar Bakhtawara, ya jawo shi kusa da ƙofa. Ya ɗora babbar butar shayi a wuta, ya fito da kofuna goma sha biyu daga akwatin matarsa ya wanke su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya buɗe ƙofar gida har bango, ya zauna yana fuskantarta, da hannayensa a kan gwiwa.

Na sha kofi uku, ina ba shi labarin da ba ya ji. Da aka kira magariba na ce zan je masallaci. Ya ce in je, shi zai yi tasa a gida, kada masu barka su zo su tarar ba kowa.